Bonobo a keji, da gidan zu ɗin da Kaduna ke mafarki

Duk sanda hira ta biyo ta kan gidan namun daji a Kaduna, a majalisar bakin titi ce ko a Facebook, ƙorafin kusan ɗaya ne: wai ba mu da manyan dabbobi. Wani ya ce garin da ya taɓa zama hedikwatar Arewa bai kamata sai an je Kano ko Jos kafin yaro ya ga abin kallo ba. Wani ya ce a sayo giwa, a sayo raƙumin dawa, a kawo gwaggon birin nan mai kama da mutum. Ni dai a ganina manyan birai su ne abu na ƙarshe da ya kamata mu nema, kuma hujjata daga wani biri na ɗauko ta wanda yawancinmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba, wato bonobo.

Bonobo ɗan'uwan cimfanzi ne, sai dai bai kai shi ƙirar ƙarfi ba. Fuskarsa baƙa ce, leɓɓansa da ɗan ja-ja, gashin kansa a rabe biyu. A duk faɗin duniya ba a samunsa a daji sai a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, can ɗin ma sai kudu da Kogin Kongo. Masana sun daɗe suna ɗaukarsa a matsayin ƙaramin cimfanzi, sai a 1929 wani Bajamushe, Ernst Schwarz, ya bayyana bambancin bayan ya nazarci wani ƙoƙon kai da ke ajiye a gidan tarihi na Tervuren a Beljiyam. A 1933 aka amince cewa jinsi ne mai zaman kansa. Ƙungiyar IUCN, mai sa ido kan kare halittu a duniya, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, kuma mafi ƙarancin ƙiyasin waɗanda suka rage a daji shi ne 15,000 zuwa 20,000. Macen tana haihuwar ɗa guda ne duk bayan shekara huɗu zuwa biyar, saboda haka idan aka yi musu ɓarna ba sa saurin maye gurbi.

Masana kimiyya na cewa kusan kashi 98.7 cikin ɗari na ƙwayoyin gadonsa iri ɗaya ne da na ɗan Adam. Ba sai mun shiga muhawarar asalin mutum ba a nan. Abin da adadin ke nufi ga mai kiwonsa a fili yake: murar da za ta kama ka za ta kama shi, ciwon zuciyar da ke kayar da mutum yana kayar da shi, kuma kaɗaici na iya taɓa masa hankali.

Zamansu ma abin lura ne. Mata ne ke da ta-cewa a garke, ba don sun fi ƙarfi ba, sai don suna haɗa kai. Budurwa idan ta balaga takan bar danginta ta koma wani garken, shi kuwa namiji yana tare da uwarsa har mutuwa ta raba, kuma matsayinsa cikin maza ya danganta da matsayin uwar. A daji garken yakan rarrabu ƙungiya-ƙungiya wajen neman abinci, ya sake haɗewa, gobe kuma rabon ya canza.

To, wannan halittar ce wasu gidajen zu a Turai da Amurka ke riƙo, kuma duka-duka ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a hannunsu. A Birtaniya gida ɗaya ne tak ke da su, Twycross. Akwai su a Planckendael ta Beljiyam, inda ake riƙe da kundin nasabarsu, da Frankfurt da Stuttgart da Leipzig a Jamus, da Apenheul a Holan, da Milwaukee da San Diego da Columbus a Amurka. Kundin nasabar nan ba ado ba ne. Da shi ake yanke shawarar wace mace za a ɗauke daga wannan ƙasa a kai waccan don kada dangi na kusa su riƙa haihuwa da juna, kuma macen ake ɗaukewa a bar namiji wurin uwarsa, kamar yadda suke yi a daji. Masu kula da su kan zauna da safe su tsara wa zai fita da wa a yau, wa ke fushi da wa, wace uwa ce ba za a haɗa ɗanta da wane ba.

A Milwaukee an horar da su har bonobo yakan zo da kansa ya manna ƙirjinsa a jikin raga, likita ya ɗora na'urar hoton zuciya yana dubawa, mai kula da shi na miƙa masa ɗan abin marmari. Wani ya zura hannu a auna hawan jininsa. An yi wannan wahalar ne domin allurar sa barci tana da haɗari gare su, ciwon zuciya kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe manyan birai a tsare. Hatta ayaba da mangwaron da muke ganin su ne abincin biri an rage musu, saboda 'ya'yan itacen gona sun fi na daji sukari nesa ba kusa ba, sai aka koma ganye da kayan lambu. Ma'aikaci mai tari ba ya kusantarsu. A watan Fabrairun 2021 gidan zu na San Diego ya yi wa bonobo biyar rigakafin korona da wata allura da aka haɗa don dabbobi. A lokacin ko kwalba ɗaya ta rigakafi ba ta iso Najeriya ba. Sai 2 ga Maris jirgin farko ya sauka a Abuja.

A farkon shekarar 2021 ɗin ne kuma hotunan wani zaki daga gidan zu na Ƙofar Gamji, nan Kaduna, suka karaɗe intanet har jaridun waje suka ɗauka. Ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Shi zaki buƙatarsa ba ta da sarƙaƙiya: nama, ruwa, inuwa, fili, da likita. Wanda wannan ya gagara, ina zai iya da dabbar da sai an bincika nasabarta kafin a zaɓa mata abokin zama? Ba Kaduna kaɗai ba. Kowa ya tuna labarin 2019 na Naira miliyan 6.8 da aka ce gwaggon biri ya haɗiye a gidan zu na Kano, har gwamnan jihar na lokacin ya fito ya ce babu ma irin wannan birin a gidan. An yi dariya an watse, amma a ƙarƙashin dariyar akwai tambayar da ba a amsa ba: kuɗin ƙofar da ake tarawa lokacin Sallah, nawa ne ke komawa cikin dabbobin?

Sai kuma tambayar da masu cewa "a sayo" ba sa yi: daga ina? Gidajen zu na Turai ba sa sayar da bonobo ga mai kuɗi, kuma yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ta sa wa hannu, ta hana cinikin manyan biran da aka kamo daga daji. Abin da ya rage shi ne bayan fage, kuma hanyarsa ɗaya ce. Uwar bonobo ba ta sakin ɗanta da rai. Mafarauci ya harbe ta don nama, ya ɓamɓare jaririn daga jikin gawar, ya ɗaure shi da igiya a ƙugu ya kai kasuwa. Da yawa ba sa kai labari, domin jaririn da ya rasa uwa yakan ƙi cin abinci har ya mutu.

A wajen birnin Kinshasa akwai wani wuri da ake kira Lola ya Bonobo, wanda wata mata 'yar asalin Beljiyam, Claudine André, ta kafa a 1994 don irin waɗannan marayu. Ba sa sayen ko ɗaya, sai wanda hukuma ta ƙwace ta damƙa musu, domin sun san duk wanda ya biya kuɗi ya ba mafarauci jarin komawa daji. Jariri idan ya iso sai a haɗa shi da mace guda daga cikin ma'aikata, ta zama uwarsa. Ita ke goya shi, ita ke ba shi madara a bulumboti, ita ke masa wanka ta shafa masa mai, kuma haka za su yi shekaru kafin a sa shi cikin garke a wani yankin daji da aka kewaye. A 2009 suka fara mayar da wasu daji na gaske, a Ekolo ya Bonobo da ke lardin Equateur. Wannan shi ne tsarewar da zan iya karewa ba tare da jin nauyi ba, domin ba don kallo aka kamo su ba, ɓarnar da wani ya riga ya yi ake ƙoƙarin gyarawa.

Mu kuwa sunanmu ya sha fitowa a ɗaya ɓangaren. A 2002 aka fitar da 'ya'yan gorila huɗu daga Najeriya zuwa gidan zu na Taiping a Malesiya da takardun da ke cewa a Ibadan aka haife su, alhali daga daji aka kamo su. Sai 2007 aka kai su Limbe a Kamaru bayan doguwar taƙaddama. A Disambar 2024 jami'an filin jirgin Istanbul suka buɗe wani akwatin katako da ya taso daga Najeriya zai nufi Tailan, suka tarar da jaririn gorila a ciki. Ƙasar da wannan ne tarihinta, idan wata jiharta ta ce tana neman manyan birai, dillalai za su kawo, da takardu masu hatimi ma. Sai dai kowa ya san an bar gawar uwa a wani daji.

Akwai hujjar da ba zan raina ba. Ɗan mai shayi a Tudun Wada ko Rigasa ba zai je Kongo ba, ba zai je Jamus ba, kuma yaron da bai taɓa haɗa ido da dabba ba da wuya ya damu da makomarta. Gaskiya ne. Gidajen zu na waje ma suna da tasu kariyar: suna cewa waɗanda ke hannunsu ajiya ce saboda gudun ranar da na daji za su ƙare, kuma wasunsu na tura kuɗi Kongo. Ƙungiyar da ke tallafa wa gidan zu na Milwaukee, alal misali, ta shafe shekaru tana ɗaukar nauyin bincike da masu gadi a Gandun Dajin Salonga. Na yarda da rabin wannan. Ɗaya rabin kuma, waɗanda aka mayar daji daga Lola suka fito, ba daga Frankfurt ko San Diego ba, kuma bonobon da aka haifa a bayan gilashi cikin sanyin Turai a can zai mutu. Idan masu kuɗi da likitoci ma sai sun yi ta kare kansu, mu fa?

Game da yaron Rigasa kuwa, abin da yake koya ya danganta da abin da ya gani. Idan aka kai shi gaban biri guda a ɗakin siminti, yana jijjiga ƙarfe, manya na jifansa da ɓawon rake don ya yi tsalle a yi dariya, to ya koyi darasi, amma ba na tausayi ba. Mu da muke karanta hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, bai kamata sai wani daga waje ya zo ya tuna mana cewa kulle dabba ɗaukar amana ne ba.

Kaduna ba ta rasa dabbobin da ke buƙatar mafaka ba. Ana yawo da bika a sarƙa a kasuwanni da tashoshin mota, an sa masa riga ana karɓar na goro. Akwai jan biri ɗaure a gindin bishiya a gidaje, an saye shi yana jariri, ya girma ya fara cizo, mai shi ya rasa yadda zai yi da shi. Akwai kuraye da kadoji da mesa a hannun masu wasa. Idan hukuma ta ƙwace su yau, ina za ta kai su? Gidan da zai karɓi waɗannan, ya haɗa birai garke-garke a fili mai bishiyoyi maimakon ɗaiɗai a keji, ya fi dacewa da aljihunmu da yanayinmu, kuma yara za su ga dabbobin ƙasarsu cikin ƙoshin lafiya. Ba sabon abu ba ne a Najeriya: ƙungiyar Pandrillus tana yin irinsa a Kalaba da Dutsen Afi tun farkon shekarun 1990, da biran da ake kira diril da kuma cimfanzin da aka ceto. Likitoci kuwa ga Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello nan Zariya, tafiyar sa'a guda da 'yan kai.

Wanda kuma zuciyarsa ke kan manyan birai, muna da namu a daji. Akwai cimfanzi a Gandun Gashaka-Gumti da ke Taraba da Adamawa, akwai gorilar Kuros Riba da ba su kai 300 ba tsakaninmu da Kamaru. A cikin jihar nan ga Gandun Kamuku a Birnin Gwari, wanda rashin tsaro ya daɗe da raba shi da masu ziyara. Kuɗin da za a kashe a gina wa biri ɗaya baƙo keji mai gilashi zai biya masu gadin daji da yawa albashi.

Saboda haka ranar da gwamnati ko wani ɗan kasuwa ya zo da shirin sabon gidan zu a Kaduna, 'yan majalisar jiha da 'yan jarida kada su tsaya kan jerin dabbobin da za a kawo. Su nemi a nuna musu kasafin abinci na shekara da asusun da zai fito, da sunan likitan da zai riƙa kwana a wurin, da takardar da ke nuna inda aka haifi kowace dabba da wanda ya tabbatar da ita.