Kyandir huɗu suka tona mini asiri

Tunda dai bidiyon kokawata da kyandir ɗin kek ɗin Autata ya riga ya zagaya, gara in faɗi nawa ɓangaren kafin a ƙara masa gishiri.

Auta ta cika shekara 4 ranar Asabar. Ni kuma na ci alwashin bana ba za a maimaita ɓarnar kuɗin bara ba, lokacin da muka ɗauko mai ado da mai kek da mai hoto, yarinyar kuma ta yi barci tun kafin a yanka komai. Na bi dabarar nan da iyaye ke faɗa, wai ki gayyaci yara daidai da shekarun mai bikin ki ƙara ɗaya. Na gayyaci 5. Yara 19 suka zo, kowa da yayansa da ƙaninsa, har da wani yaro mai jar riga da har yau ban gano ɗan wane gida ba ne. Ku riƙe shi a rai, zai dawo.

Zancen balan-balan a gurguje zan yi shi. Irin masu tashi su manne da silin nake so, amma su iskar hiliyom ake ɗura musu, ita kuma ba kyauta ake rabawa ba, ga shi kafin kwana ɗaya ta zurare ta jikin robar. Sai na ga wani bidiyo a intanet: a zuba ruwan khal a gora, a ɗura bekin soda cikin balan-balan, a kafa bakinsa a bakin gorar, a juye. Wallahi yana kumbura, har da kumfa. Ƙarfe ɗayan dare ina tsaye a kicin ina jin kaina wata babbar masaniya. Na ɗaure na farko, na sake shi, ya faɗo tim, ya gangara ƙarƙashin tebur. Ashe iskar da haɗin ke fitarwa kabon dayoksaid ce, nauyinta ya kai kusan ɗaya da rabi na iskar da muke shaƙa. Haka na koma hurawa da baki, guda 30, na bi su da salatif na lilliƙa a silin, gida kuma ya kwana yana warin tsami.

Kek da kaina na gasa, kuma ya yi kyau, kada wanda ya ce muku bai yi ba. Kuskurena ɗaya, na shafa masa aisin ɗin bota tun bai huce ba. Bota kuwa ko ɗumin jikin mutum ba ta jurewa, balle kek da ya fito daga obin. Fuskar kyanwar da na zana ta zame gefe guda kamar mai ciwon haƙori. Na ce ba komai, in an kashe fitila an kunna kyandir wa zai lura.

Kyandir ɗin nan su ne mafi araha da na gani, 'yan sirara masu launi-launi. Akwai rubutu ƙanana a jikin fakitin. Ban karanta ba. Wa ke karanta bayanin kyandir?

An kashe fitila, an rera waƙa, Auta ta cika kumatu ta hura. Duka huɗun suka mutu a bugu ɗaya. Aka ɗauki tafi. Na buɗe baki zan ce madalla, sai na gefen hagu ya yi ɗan tartsatsi, ya sake kamawa. Sai na kusa da shi. Kafin in rufe bakin duka huɗun sun dawo, suna ci abinsu kamar ba a taɓa hura su ba.

Na ce, "Hura da ƙarfi, 'yar albarka."

Ta hura. Suka mutu. Muka yi shiru muna kallon hayaƙi. Suka dawo. A na uku leɓenta na ƙasa ya fara rawa, ta ɗago ta dube ni da idanu cike da ƙwalla ta ce, "Mama, ba sa jin magana."

Nan ne ya kamata in tsaya in yi tunani. Maimakon haka sai na ce, "Matsa ki ga yadda ake yi," da muryar wadda ta shekara talatin da wani abu tana kashe kyandir ba a taɓa kai ƙararta ba.

Na fara da 'yar hura ta mutunci, irin ta uwar gida a gaban baƙi. Suka dawo. Na ƙara ƙarfi. Suka dawo. Na dafa tebur da hannu biyu, na ja numfashi tun daga tafin ƙafa na sake shi gaba ɗaya, kunnen kyanwa ya tashi daga kan kek ya sauka a goshin ɗiyar maƙwabciyata. Kyandir suka dawo. Daga nan yara suka fara ƙirga mini. "Huɗu! Biyar!" Yara 19 da murya ɗaya, waɗanda tun rana na kasa sa su yin layin wanke hannu. A ta shida abin da ya fito daga bakina ba iska ba ce zalla, har da wani fito da ban san na iya ba, da kuma yawu, a kan kek ɗin da mutane za su ci. Ku tuna huhun nan ya hura balan-balan 30 daren jiya. Ɗakin ya fara juya mini. Na waiga neman agaji wajen Baban su, na gan shi jingine da bango riƙe da wuƙar yanka kek, kafaɗunsa na rawa, ya kasa ko kallona.

Sai na lashi yatsu na matse lagwanin guda ɗaya. Ya mutu. Na matse na biyu, ina kan na uku na farkon ya dawo, ya ƙona ni a gefen hannu. Abin da na furta a lokacin na roƙi gafarar Allah da ta iyayen yaran.

A nan yaron nan mai jar riga, wanda bai wuce shekara 7 ba, ya ce cikin natsuwa, bakinsa cike da biskit, "Anti, ai masu dawowa ne. A ruwa ake sa su."

Ruwa kawai kunnena ya ɗauka. Na rarumo jug ɗin da ke kan tebur na juye shi a kan kek. Gaba ɗaya. Aisin ya bi ruwa ya gangara ta bakin faranti, ya sauka a ƙafata. Ɗakin ya yi tsit, ga duhu, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa. Cikin duhun nan muryar yaron ta sake fitowa: "Ai cire su ake yi tukuna."

Da daddare na zauna na bincika, don in san wanda ya kayar da ni. Garin magnesiyam ake sa wa a lagwaninsu. In kika hura kyandir, akwai ɗan jan garwashin da ke saura a kan lagwani. A kyandir na mutunci wannan garwashin ba ya iya kunna tururin kakin da ke tashi, sai ya mutu. Shi kuwa magnesiyam wannan ɗan zafin ya ishe shi kamawa, sai ya yi tartsatsi ya kunna tururin. Tartsatsin da na ɗauka ado ne. Ko kwana zan yi ina hurawa haka za mu yi ta yi.

Amma ni duk ba wannan ke ci mini rai ba. Ƙanwar maigida ce. Kun san ta. Ita ta buɗe fakitin da hannunta, ita ta kakkafa su a kan kek, kuma da idona na gan ta ta kai fakitin kusa da fuska tana karantawa. Ta ajiye shi a hankali, ta koma can kusurwar da ake ganin fuskata sosai, ta saita waya tun kafin a ƙyasta ashana. Wadda bara ta ce kek ɗin ya bushe, alhali yanka uku suna naɗe a jakarta. Wadda kwanona mai murfin gilashi ke hannunta tun Auta na rarrafe, in na tambaya ta ce, "Au, ban dawo da shi ba?" Ta zo bikin nan ba ko alawa ɗaya a hannunta, amma ta tafi da bidiyon minti uku. Wai da safe har da kirana: "Anti, ki yi haƙuri, wallahi hannuna ne ya taɓa ya tura." Hannun da ya taɓa shi ne ya rage gudun wurin da kumatuna suka kumbura, ya sa kiɗa, ya zagaye kunnen kyanwa da jan layi yana cikin iska? Na gaya wa yayanta, ya ce zai yi mata magana. Daga baya na ji shi a banɗaki yana sake kallo, ya rage sauti.

Yaran dai ko a jikinsu. Sun ci biskit, sun yi wasan kujeru har aka karya mini guda, sannan suka tare a cikin kwalin da aka kawo kyautar Auta, ita kyautar tana gefe ba mai kallonta. Mun yanke saman kek ɗin mun zubar, tsakiyarsa ta ciwu. Gwaggonta ta tambayi Auta me ya fi burge ta, ta ce lokacin da Mama ta yi wa kek wanka.

Saura kyandir 8 a fakitin, na adana su a durowa. Ban yanke shawarar komai ba tukuna.

In akwai wadda ta san uwar yaro mai jar riga, ya bar takalmi ƙafa ɗaya a gidana.