Masu wanke Mosko, ku tambayi Budafes da Prag

Tun da tutar Rasha ta bayyana a titunan Yamai bayan juyin mulkin 2023, sannan a Kano lokacin zanga-zangar Agustan 2024, wata magana ta zama ruwan dare a Facebook da majalisun hira: wai Mosko ba ta taɓa danne kowa ba, ita ce gatan masu neman 'yanci. Fushin jama'a da Faransa yana da dalili, ban musa ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda ake wanke Tarayyar Sobiyat tas.

A 1956 firaministan Hangari, Imre Nagy, ya amince a yi siyasar jam'iyyu da yawa, ya kuma ce ƙasarsa za ta fita daga ƙawancen soja na Warso da Sobiyat ke jagoranta. Ranar 4 ga Nuwamba tankokin Sobiyat suka afka wa Budafes, babban birnin Hangari. Kimanin 'yan ƙasar 2,500 suka mutu, wajen 200,000 suka yi gudun hijira, shi kuma Nagy aka rataye shi a Yunin 1958.

Da ka kawo wannan sai a ce ai 'yan koren Amurka ne. Nan ne raina ya fi ɓaci. Nagy ɗan gurguzu ne na gaske, ya shafe fiye da shekara 10 a Mosko. Alexander Dubcek, wanda ya karɓi jagorancin jam'iyyar gurguzu ta Cekoslobakiya (babban birninta Prag) a Janairun 1968, a Tarayyar Sobiyat ya tashi, domin iyayensa sun ƙaura can da shi yana ƙarami don su taya gina gurguzu. Bai ce zai fita daga Warso ba, bai kuma nemi a rushe jam'iyya ba. Laifinsa shi ne ya ɗage tace labarai, ya bar jaridu suna sukar shugabanni. A daren 20 ga Agusta sojojin Sobiyat da na Polan da Hangari da Bulgeriya suka tsallako iyaka. Aka kama Dubcek, aka kai shi Mosko, aka tilasta masa sa hannu kan janye sauye-sauyensa. A Afrilun 1969 Gustav Husak ya maye gurbinsa, shi kuwa Dubcek ya ƙare ƙaramin ma'aikaci a hukumar gandun daji a Bratislaba. Kusan mutum rabin miliyan aka cire daga jam'iyya. Malaman jami'a da 'yan jarida suka koma goge tagogi da hura wutar tukunyar ɗumama gidaje. Shugaban Sobiyat na lokacin, Brezhnev, ma bai ɓoye ba: ƙasar da ke cikin sansaninsa ba ta da ikon sauya hanya.

A Polan, wadda ita ma ke cikin sansanin Sobiyat, gwamnatin da ke kiran kanta ta ma'aikata ce ta murƙushe ƙungiyar ƙwadago ta Solidarnosc mai mambobi kusan miliyan 10. Shugaban gwamnatin, Janar Jaruzelski, ya kafa dokar soja ranar 13 ga Disamban 1981, kwana uku bayan haka aka harbe masu haƙar kwal 9 a mahaƙar Wujek.

Wani zai ce Yamma ma ta ci amanar Lumumba, firaministan Kongo da aka kashe. Haka ne, amma jinin Lumumba ba ya goge na Nagy. Putin da kansa, a Satumban 2023, ya ce tura tankoki Hangari da Cekoslobakiya kuskure ne. Mu ne za mu fi shi kishin Sobiyat? Malaman tarihi na jami'o'inmu da gidajen rediyonmu su daina barin wannan babi a hannun masu yaɗa gajerun bidiyo.