Ana ƙirga litar giya, kayan wasan yara na wucewa ba dubawa

A Tarayyar Turai akwai wani shafi na intanet da ake sabuntawa a ranakun aiki, wanda kowa zai iya buɗewa ya ga lita nawa ta rage daga giyar inabin da aka yarje wa Afirka ta Kudu ta shigar ba tare da haraji ba. Yarjejeniyar ciniki da ta fara aiki a 2016 tsakanin Tarayyar da ƙasashen kudancin Afirka ta ware lita miliyan 110 a shekara, ana ɗan ƙarawa duk shekara, kuma kashi 70 cikin ɗari na kason an keɓe shi ga wadda ke cikin kwalba. Wanda ya riga shi ya samu, da zarar kaso ya ƙare sai cikakken haraji. Suwizalan, wadda ba ta cikin Tarayyar, nata kason na giyar da ake shigo mata da ita daga waje lita miliyan 170 ne, manoman inabinta kuma sun daɗe suna kukan a rage shi.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da giya, kuma da gaskiyarsa. Abin da ya ja hankalina shi ne irin tsantsenin da gwamnati ke iya yi a bakin iyaka idan ta ga dama. Giyar da aka yi a wajen Tarayyar ba ta shiga sai da wata takarda mai suna VI-1, wadda ke ɗauke da shaidar hukumar ƙasar da aka yi ta da kuma sakamakon gwajin ɗakin bincike. Abin wasan da jariri zai tura a baki kuwa, a mafi yawan lokuta masana'antar da ta ƙera shi ce ke manna masa tambarin CE da kanta, tana shaida wa kanta cewa ta cika ƙa'ida. Ke nan abin shan babba yana zuwa da shaidar wani, na wasan yaro yana zuwa da maganar mai shi.

Alƙaluman Hukumar Tarayyar Turai sun nuna girman ɓarakar. A 2024 ƙananan ƙunshi biliyan 4.6 ne suka shiga Tarayyar, wato kusan miliyan 12 a kowace rana, kashi 91 cikin ɗari daga Sin, kuma dukkansu ba su wuce Yuro 150 ba, don haka ba a karɓi harajin kwastam a kansu ba. Inda babu kuɗin karɓa, ba kasafai ake samun mai buɗewa ba. A farkon 2024 ƙungiyar masu ƙera kayan wasa ta Turai ta fitar da sakamakon gwajin kayan wasa 19 da ta saya a Temu, wani dandalin sayayya na intanet, babu ko ɗaya da ya cika dokar Tarayyar, 18 daga ciki kuma suna da haɗari na zahiri ga yaro. Gaskiya ne cewa masu gwajin abokan gasa ne, suna da nasu buri, amma hakan bai mayar da ƙwayar maganaɗisun da ke ɓallewa ko ƙaramin batirin da yaro zai iya haɗiyewa ƙarya ba.

Masu kare hukumomi suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Giya tana zuwa a kwantena ta hannun 'yan kasuwa ƙalilan da aka san adireshinsu, kuma lita abu ce mai ƙirguwa. Haɗari ba ya ƙirguwa da ido, sai an kai kaya ɗakin gwaji, kuma babu ƙasar da ke da ma'aikatan da za su buɗe ƙunshi miliyan 12 kullum. Na yarda da wannan. Sai dai hujjar tana bayyana dalilin da ya sa ba a buɗe kowane ƙunshi ne kawai, ba ta bayyana abin da ya hana a nemi shaidar gwaji tun kafin kaya su taso ba. Amsar da na fi gamsuwa da ita ita ce manomin inabi yana da ƙungiya da wakili a majalisa, baitulmali yana da harajin da yake jira, shi kuwa ɗan wata shida ba ya da mai shiga taron kwamiti a madadinsa sai bayan abin ya faru.

Amurka ce ta fi nuna yadda wannan jira yake ƙarewa. A 2009 kamfanin Fisher-Price ya fito da wani gadon jarirai mai suna Rock 'n Play, wanda ke kwantar da jariri a jingine da kusan digiri 30, alhali likitocin yara sun daɗe suna cewa a kwantar da jariri a bayansa a kan shimfiɗa mai tauri kuma miƙaƙƙiya. Jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba, idan aka jingine shi haka, kansa na iya faɗowa gaba ya toshe masa numfashi, ko ya mirgina fuskarsa ta nutse a cikin ƙyallen gefe. Hukumomin Ostareliya da Kanada sun ƙi yarda a sayar da shi a matsayin gadon barci tun da wuri. A Amurka sai a watan Afrilun 2019 aka janye shi daga kasuwa, bayan an sayar da miliyan 4.7 kuma an danganta shi da mutuwar jarirai fiye da 30. Zuwa Janairun 2023 adadin ya kai kusan 100, wasu ma sun rasu ne bayan sanarwar janyewar, domin gadon yana nan a ɗakunan mutane. Dokar da ta haramta irin wannan gado baki ɗaya sai a 2022 aka sa mata hannu. Wannan shi ne ihu bayan hari, kuma wani sashe na dokar ƙasar, wanda ke ɗaure hannun hukumar kare masu saye wajen bayyana sunan kaya kafin ta tuntuɓi kamfani, ya taimaka wajen tsawaita shirun.

Haka aka yi da gubar dalma: sai da aka janye miliyoyin kayan wasan kamfanin Mattel masu dalma a fentinsu a 2007 kafin majalisar Amurka ta wajabta gwaji a ɗakin bincike mai zaman kansa a 2008. Wanda ya tuna ɗaruruwan yaran da dalma ta kashe a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da take yi wa jikin yaro.

Yanzu an fara toshe ƙofar ƙananan ƙunshi. Amurka ta soke yafewar haraji ga kayan da ba su wuce Dala 800 ba a watan Agustan 2025, ministocin kuɗin Turai su ma sun amince a kawar da tasu ta Yuro 150. Abin lura shi ne ta fuskar haraji da gasar kasuwa aka fi ɗaukar maganar da zafi, lafiyar yara ta biyo a matsayin ƙarin hujja. Duk da haka gyaran zai yi amfani, domin kayan da aka yi wa rajista don haraji an san mai aikowa, sabuwar dokar kayan wasa ta Turai kuma ta tanadi fasfo na lantarki ga kowane abin wasa, wanda kwastam za ta iya dubawa kafin ya wuce.

A nan ne maganar ta iso gida. A watan Satumban 2025 hukumar kwastam ta Najeriya ta sanar da yafe haraji ga ƙananan kayan da ba su wuce Dala 300 ba, wato muna buɗe ƙofar da wasu ke rufewa, kuma masana'antar da aka hana kayanta shiga wata kasuwa ba ƙona su take yi ba, wata kasuwar take nema. Muna da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, na hukumar kula da ingancin kaya ta SON, wanda a takarda ya shafi kayan wasa, amma ƙunshin da ya zo ta wayar hannu da dilar gwanjo ba ta wannan hanya suka saba bi ba. Keken koyon tafiya, wanda Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004, sabo ko tsoho, kyautar suna ce a wurinmu, ana saka yaro a ciki yana zarya a tsakar gidan da ake girki a ƙasa, tukunyar ruwan zafi tana daidai hannunsa.

Abin da nake ganin ya kamata a fara da shi ba ya cin kuɗi mai yawa. Jerin kayan da aka janye a Turai da Amurka a buɗe yake a intanet, da hotuna da lambobin kaya. Hukumar SON da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC za su iya ɗauko na yara daga ciki, su miƙa wa jami'an kwastam na Apapa da filin jirgin saman Malam Aminu Kano, su cire kayan jarirai daga yafewar Dala 300 sai da shaidar gwaji, sannan su sa a riƙa karanta jerin da Hausa a rediyo, inda dillalan Ƙofar Wambai da iyaye mata za su ji.