Harbin Fort Hood: laifin mutum ɗaya ne

Malam marubuci, na karanta rubutunka inda ka ba da shawarar a sa ido kan sojoji Musulmi, kuma ka kyauta da ka tuna mana da harbin sansanin sojoji na Fort Hood a jihar Texas ta Amurka. Ranar 5 ga Nuwamba, 2009, Manjo Nidal Hasan, likitan ƙwaƙwalwa a rundunar sojan Amurka, ya buɗe wa abokan aikinsa wuta, ya kashe mutum 13, ya jikkata sama da 30. Kisan gilla ne, kuma wallahi babu Musulmin kirki da zai nema masa uzuri. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ma ta san yana musayar saƙonni da Anwar al-Awlaki, wani mai wa'azi da ke da alaƙa da ƙungiyar al-Qa'ida, tun kafin abin ya auku, amma aka yi sakaci. A 2013 kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa.

Inda na saɓa da kai shi ne shawararka ta a sa ido kan duk sojan da ke sallah. A 2014 wani soja, Ivan Lopez, ya kashe mutum uku a wannan sansanin dai. Wa ya tuhumi addininsa? An yi maganar lafiyar ƙwaƙwalwarsa, aka wuce wurin. Laifin Hasan kuwa sai aka rataya wa miliyoyin bayin Allah, har da irin su Kyaftin Humayun Khan, Musulmin da ya rasu a Iraƙi a 2004 yana kare sojojin da ke ƙarƙashinsa. Shugaban rundunar sojan ƙasa ta Amurka a lokacin harbin Hasan, Janar George Casey, da bakinsa ya yi gargaɗin kada a huce fushi a kan sojoji Musulmi.