CV ɗinmu na gida yana faɗin ɗan ina ne kai, na Ingila yana tambayar me ka yi

Yaran gida Najeriya da yawa suna turo min CV, wato takardar bayanin karatu da aikin mutum da ake neman aiki da ita, ta WhatsApp wai in duba musu tunda ina Ingila, kuma wallahi abu ɗaya nake ta gani har ya fara damuna. Shafin farko kaf ya tafi wajen ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, addini, da aure ko babu, ga hoton fasfo a sama, sai firamaren da aka yi da shekarar gamawa, can ƙasa kuma sunayen mutum uku masu tsaya maka, galibi wani Alhaji ko Farfesa da bai ma san an sa shi ba. Aikin da mutum ya taɓa yi da hannunsa kuwa layi biyu ne. Da gani ka san a shagon kwamfuta na bakin makaranta aka buga, mai shagon ya buɗe na wanda ya zo jiya ya canja suna.

Nan ba a sa waɗancan. Akwai dokar daidaito ta 2010 da ta hana a nuna wa mai neman aiki bambanci saboda shekaru ko addini ko jinsi ko launin fata, shi ya sa masu ɗaukar aiki ba sa ma son ganin hotonka da ranar haihuwarka, kar gobe a ce don su aka ƙi ka. A aikin gwamnati da na hukumar lafiya ta NHS sau da yawa har sunan mutum ake ɓoyewa kafin masu tantancewa su karanta. Shafi biyu aka saba, kuma a manyan kamfanoni manhaja ce ke fara karɓar takardun, a bincika ta da kalmomin da ke cikin tallar aikin, to in CV ɗaya kake watsa wa kowa ba ka gyara shi ya dace da aikin ba, zai yi wuya ya kai idon mutum.

Ba wai namu ba shi da dalili ba ne fa. Tsarin mulkin 1999 ya ce a raba muƙaman gwamnatin tarayya tsakanin sassan ƙasa, har hukuma aka kafa don sa ido a kai, saboda haka in aikin gwamnati kake nema a Najeriya sa jiharka da ƙaramar hukumarka, ka haɗa da takardar bautar ƙasa. Ko Turai ma ba ɗaya ba ce, a Jamus har yanzu da yawa suna sa hoto. Amma ƙungiyoyin agaji da ke Maiduguri da kamfanoni masu zaman kansu a Abuja da Legas, abin da ka iya shi ne damuwarsu.

Kuma a nan ne muke cutar kanmu, mu 'yan Arewa musamman. An tashe mu da kunya da kawaici, an ce mana yabon kai jahilci, tarbiyya ce mai kyau ba na musu, amma faɗin aikin da ka yi da gaske ai ba yabon kai ba ne, shaida ce. Akwai ƙanen wani abokina da ya turo nasa, duk abin da ya rubuta shi ne yana da ƙwazo da gaskiya kuma yana iya aiki da mutane, wanda kowa ma haka yake rubutawa. Na kira shi muna hira sai ga shi ashe tun yana jami'a duk hutu shi ke riƙe shagon hatsin mahaifinsu a Dawanau, shi ke rubuta littafin bashi, shi ke ƙirga buhuna in an sauke mota, shi ke ciniki da direbobi da 'yan dako. Na ce don me ba ka sa ba? Ya ce Yaya ai wannan ba aiki ba ne, taimakon Baba ne. Raina ya ɓaci sosai, don a nan wannan shi ne ainihin abin da ake nema, riƙon kuɗi da lissafin kaya da iya magana da mutane, kuma ana so ka faɗa da adadi, buhu nawa a sati, shekara nawa ka yi. Haka koyarwar da ya yi a bautar ƙasa, sai da na matsa masa ya rubuta darasin da ya koyar da ajin da ya riƙe har suka zana WAEC.

Sai ƙananan abubuwa da ke kayar da mutum a banza. Ka fara da aikinka na baya-bayan nan, firamare kuma a bar ta tunda kana da digiri. Adireshin imel ya zama sunanka na gaskiya, sunan wasa na Facebook a ajiye shi, sannan ka tura a PDF, don Allah a daina ɗaukar takarda hoto da waya a kan tabarma. Masu tsaya maka kuma ka nemi izininsu tukuna, ka zaɓi wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa ko da hedimasta ne na ƙauye, domin a nan da gaske ake tura musu saƙo a tambaye su yaushe ka fara, yaushe ka bari, kuma me ka yi.