Kafin a kawo mana kwandunan shara masu launi, mu fara da baban bola

Ƙanina da ke karatu a Jamus ya turo mini hoton ƙofar gidan da yake haya. Kwandunan shara ne a jere: shuɗi na takarda, rawaya na roba da gwangwani, ruwan ƙasa na ragowar abinci, baƙi na tarkacen da ya rage. Kowane da ranar da mota ke zuwa ɗauka. Gorar ruwa kuwa ba a yar da ita, domin tun 2003 suke da tsarin da in ka mayar da ita kanti za a ba ka santi 25 na Yuro. Sai ya rubuta a ƙasa: "Yaya, yaushe Kano za ta kai nan?"

Na ce masa ai Kano ta riga su, mantawa muka yi.

Ba wasa nake ba. Ku tambayi dattawan Kumbotso ko Ungogo yadda jakuna ke fita daga birni da mangalar taki zuwa gonaki. Toka, kashin awaki, sharar tsakar gida, duk manomi na nema, har da kuɗinsa. Gwangwanin madara ya zama fitilar aci-balbal. Tsohuwar taya ta zama guga da takalmi. Kwalbar lemo sai ka mayar kafin mai kanti ya ba ka wata. Har gobe maƙera na narka gwangwanin lemo su zuba tukwane, kuma gorar da ka sha ruwa yau, gobe za ka gan ta cike da zoɓo ko kunun aya. Abin da ya sauya shi ne sharar kanta. Ta da ruɓewa take yi. Ta yanzu leda ce, ba ta ruɓewa, kuma in akuya ta haɗiye ta sai dai mahauci ya ciro ta daga tumbi.

Abin da nake son faɗa shi ne, motar da ƙanina yake mafarkin gani a layinmu tana nan tana zuwa kullum. Ba injin gare ta ba, kura ce, mai tura ta kuma yaro ne ɗan shekara goma sha biyar da buhu a kafaɗa da ƙarfe mai lanƙwasa a hannu. Baban bola, ɗan jari bola, ɗan gwangwan, duk sunan da ka ga dama. Shi ke tsinto roba da ƙarfe da dalma ya kai wa dila a ɗora a sikeli, dila ya tara ya kai inda ake niƙawa, daga can ta dawo mana a matsayin bokiti da buta da silifa a Kasuwar Kofar Wambai. Ba wanda ke biyansa albashi. Mu kuma me muke yi masa? Mu haɗa gorar ruwa da ruɓaɓɓen tuwo da ƙunzugun yara da fasasshiyar kwalba da allurar da aka yi wa mara lafiya a leda ɗaya, mu ba almajiri ya kai bola, sannan yaron nan ya sa hannu tsirara yana tonawa. In ya wuce mu toshe hanci.

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne. Akwai ɓarayi a cikinsu. Ni kaina an taɓa cire mini murfin kwata na ƙarfe a ƙofar gida da tsakar rana. A Abuja satar murafen ramukan titi ta kai a Janairun 2025 hukumomi suka hana su yawo a cikin gari, aka kuma rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci. Amma kora ba ta rage shara ko cokali ɗaya. A yi musu rajista a gaban mai unguwa, a ba kowa riga mai lamba da layin da zai riƙa bi, dilan da ya sayi murfin kwata kuma a kama shi, tunda ɓarawo ba ya sata sai ya san inda zai sayar.

A gidana wata shida ke nan muna gwada wani abu. Buhu biyu muka rataye a bayan kicin, ɗaya na roba da gwangwani, ɗaya na ledar fiya wata. Ragowar abinci na tafiya gidan maƙwabciyarmu mai kiwon kaji. Da farko uwargida ta ce na ƙaro mata aiki, yara kuma suna ta mantawa. Da suka ga yaron da ke zuwa ranar Asabar yana miƙo musu 'yan canji a kan buhun roba, yanzu har faɗa suke a kan gora. Abin da muke kaiwa bola ya ragu sosai, wari ma ya ragu.

Ledar ce matsala. Ba ta da nauyi, sai ka cika buhu guda kafin ta yi abin kirki a sikeli, shi ya sa ba kowane yaro ke son ta ba, kuma ita ce ke toshe magudanan ruwa har damina ta shigo mana ɗaki. Wannan ya fi ƙarfin buhuna biyu. Ruwanda ta hana ledar sayayya tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Legas ta hana farar robar zuba abinci a 2024. Ban ce a hana fiya wata a garin da famfo ba ya kawo ruwa ba, wannan zalunci ne. Amma mai kamfanin da ya cika leda ya sayar, me zai hana a ɗora masa sayen ledarsa in an tara an kawo? Hukumar kwashe shara ta Kano, REMASAB, da tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata za su iya kwashe abin da ya taru, sai dai ba za su shiga kicin ɗin kowa su rarraba masa ba.

Na aika wa ƙanina hoton buhunana biyu. Ya ce ba su da launi. Na ce ya taho da fenti in zai zo hutu.