Kamfani ya san ranar rufe mahaƙa, mutanen gari fa?

A ranar 31 ga Maris, 2021 aka rufe mahaƙar yuraniyom ta Akouta da ke kusa da Arlit a arewacin Nijar. Tun 1978 kamfanin Cominak ke haƙa a wurin, ya fitar da kimanin tan 75,000. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da 'yan kwangila, ban da mai shayi da mai gidan haya da 'yar tuwo-tuwo da ke ci daga albashinsu. Sai a Oktoban 2019 aka sanar da ranar rufewar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, irin wannan rana ana iya hango ta tun da nisa. Masana ma'adinai suna da lissafinta. Haƙa na farawa da kaɗan, ta hau, ta kai ƙololuwa, sannan ta gangaro, domin dutse mai albarka ake fara ɗiba. Wanda ya rage yana can ƙarƙashi, ma'adinin cikinsa ɗan kaɗan, sai an ninka wuta da ruwa da man dizal kafin a tace abin da ake samu a da. Ba ƙarewa yake yi ƙurmus ba, kuɗin haƙo shi ne ke wuce kuɗin sayar da shi. Afirka ta Kudu ta haƙo zinariya tan 1,000 a 1970, yau da kyar take kai 100.

Masu cewa hasashen na yin kuskure suna da hujja. A 1956 masanin duwatsu M. King Hubbert ya yi hasashen cewa haƙar man fetur a Amurka za ta kai ƙololuwa wajen 1970, haka kuwa aka yi, amma fasahar fasa duwatsu don fito da mai ta sa aka zarce wancan adadi a 2018. Farashi da fasaha kan rushe lissafin ƙasa guda, balle na duniya. Rami ɗaya kuwa daban ne: an huda shi, an auna, shekarun da suka rage masa suna rubuce a ofishin kamfani.

Yanzu da gwamnatin Nijar ta karɓe Somaïr, kamfanin da ke haƙar yuraniyom a Arlit, a 2025, takardun lissafinsa suna hannunta. Ya kamata ta fito ta faɗa wa mutanen Arlit shekara nawa suka rage, da kuma nawa ake warewa don gyaran ƙasa da sana'ar da za a kama bayan yuraniyom. A jihar Nasarawa ta Najeriya ma, inda ake rububin ma'adinin litiyom, kada a sa wa lasisi hannu sai kamfani ya ajiye wannan lissafi a gaban jama'ar yankin.